Tafki a Bisa, Gari a Ƙasa: Yadda Mutanen Kan Duwatsu Ke Tsare Kansu Daga Ambaliya

 

Yau zan kai ku ƙasashen da ƙanƙara ba ta barin kan duwatsu rani da damina: Himalaya a Asiya, da Andis a Kudancin Amurka. A can ƙanƙara kan daskare ta yi kauri, ta riƙa gangarowa a hankali shekara da shekaru, tana turo duwatsu da tsakuwa a gabanta. Da duniya ta ƙara ɗumi sai ta fara narkewa tana ja da baya, ruwan kuma ya taru a gurbin da ta bari. Abin da ke riƙe da wannan ruwa shi ne tarin duwatsun nan da ta turo, ba siminti ba ƙarfe, wani lokaci ma da ƙanƙara binne a cikinsa tana narkewa. Ranar da wani ɓangaren dutse ya rufto cikin tafkin, ruwa ya yi tsalle ya ƙetare bakinsa, sai madatsar ta ɓalle. Abin da ke sauka kan mutanen kwari laka ce da duwatsu da itatuwa, da gudun da ƙafa ba ta tsere masa. Wani bincike da aka wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 15 ne ke zaune a hanyar irin wannan ruwa, fiye da rabinsu a Indiya da Fakistan da Feru da Sin.

Wanda ya ga halin da Maiduguri ta shiga a Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ba sai an yi masa dogon bayani ba kan abin da ake nufi da ruwa ya zo wa gari yana barci.

Abin ba sabo ba ne. A Disambar 1941 tafkin Palcacocha ya fashe a kan birnin Huaraz na Feru, ya kashe aƙalla mutum 1,800. A Agustan 1985 tafkin Dig Tsho na Nefal ya share tashar lantarki da ake dab da gamawa kusa da Namche, tare da gadoji da gidaje. A Oktoban 1994 tafkin Luggye na Butan ya kashe mutum 21, ya kuma lalata wani sashe na tsohon ginin mulki da ibada na Punakha.

Hanya ta farko da aka bi ita ce rage ruwan tun kafin ya ɓalle. A nan aikin Butan ne ya fi taɓa min zuciya. Tafkin Thorthormi yana yankin Lunana, sama da mita 4,000 daga doron teku, tafiyar kwanaki ce a ƙafa daga inda hanyar mota ta ƙare. An ji tsoron kada girgizar manyan injuna ta rusa madatsar, don haka da hannu aka yi aikin. Mutum fiye da ɗari uku kan hau kowace shekara a 'yan watannin da yanayi ya bari, da shebur da diga da igiya. Ku ƙiyasta mutum tsaye cikin ruwan ƙanƙara har gwiwa, an ɗaura wa ƙaton dutse igiya, jerin mutane suna ja da baki ɗaya, iska ba ta isar huhu, kowa na haki. A shekarar 2009 duk wahalar nan santimita 86 kacal ta rage. Wasu ma'aikata sun rasa rayukansu saboda ciwon da ƙarancin iska ke jawowa. Amma ba a fasa ba, har zuwa 2012 aka sauke ruwan da mita biyar. A Nefal ma, a 2016, sojoji da mutanen yankin sun haƙa magudana suka rage tafkin Imja da mita 3.4, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Wannan aiki ne na a yaba. Sai dai tafkunan dubbai ne, kuma kullum sababbi na fitowa. Ba wata gwamnati da za ta iya haƙa su duka. Don haka aka koma ga hanya ta biyu, wato a sanar da mutane da wuri su gudu. Aka kafa na'urori masu jin motsin ruwa a bakin tafki, aka haɗa su da jiniya a ƙauyuka.

To, a nan ne maganata take. Na'ura ba ta ceton kowa sai mutanen da ke ƙarƙashinta sun ɗauke ta tasu.

Ku duba abin da ya faru a Carhuaz ta ƙasar Feru. A saman garin akwai tafki da ake kira 513, a gindin dutsen Hualcán. A Afrilun 2010 ƙanƙara da duwatsu suka rufto cikinsa, ruwa ya ƙetare ya yi ɓarna a kwari, Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, kuma ramukan da aka huda tun shekarun 1990 don rage ruwan sun taimaka ƙwarai. Bayan haka masana daga Jami'ar Zurich da ƙungiyar CARE da hukumomin garin suka kafa na'urorin gargaɗi na zamani, da kyamara da komai. Sai aka shiga 2016, fari ya yi tsanani, shuka na bushewa a gona. Magana ta bazu a ƙauyuka cewa ƙarafan nan da aka kafa a kan dutse su ne ke korar hadari. A watan Nuwamba jama'a suka hau suka tumɓuke su. Cikin 'yan kwanaki kuwa sai ruwan sama ya sauka.

Na san wani a cikinku zai ce jahilci ne. Ina roƙon kada mu yi saurin yanke wannan hukunci. Manomin da ya hau dutsen nan abin da ke gabansa shi ne abincin 'ya'yansa na bana. Ambaliyar da ake tsorata shi da ita ba a san ranar zuwanta ba, fari kuwa ga shi a ƙofar gida. Dutsen nan da tafkin suna da daraja a al'adarsa, sai ga baƙi sun zo sun dasa abin da bai gama fahimta ba, kuma jiniyar ta fi amfanar mutanen cikin gari. An yi tarurrukan wayar da kai, gaskiya ne, amma wayar da kai daban, yarda daban. Masanan da suka yi aikin su da kansu sun rubuta daga baya cewa ɓangaren zamantakewa ne ya kayar da su. Lissafin injiniyoyi bai yi kuskure ba.

Irin wannan ta faru a Nefal ta wata siga. A ƙarshen shekarun 1990 an kafa jiniyoyi a ƙauyukan da ke ƙasan tafkin Tsho Rolpa. Cikin 'yan shekaru suka mutu, don ba wanda aka ɗora wa nauyin gyara, ba kuma kuɗin gyaran. Mutuwar jiniya ta fi rashinta muni, domin mutum na kwance da tunanin akwai mai tashinsa.

Shi ya sa aikin Imja ya zo da wani salo. Ban da haƙa, an kafa kwamitoci a ƙauyuka, an horar da 'yan gari maza da mata kan ceto da taimakon gaggawa, an ware tudun da za a gudu a hau, an kuma yi atisaye. Wannan shi ne ainihin aikin, ko da yake ba shi da kyan hoto irin na jirgi mai saukar ungulu. Dole a san tun yau wa zai ɗauki tsohuwar da ba ta iya tafiya, wa zai buɗe wa dabbobi, wace hanya malami zai bi da 'yan makaranta, kuma ina za a bi idan gadar ta riga ta tafi. Ba injiniyan da ya zo daga babban birni da zai iya amsa waɗannan. 'Yan unguwa ne suka san gidan da ke da gurgu da gidan da ke da mai jego. A Butan, tun kafin na'urori masu aiki da kansu su zo, ma'aikata aka ajiye a Lunana da oba-oba suna duba tafkunan da ido. A gundumar Ghizer ta Fakistan kuwa, a Agustan 2025, wani makiyayi ne da ke kan dutse cikin dare ya ga alamar ruwa ya buga waya ƙauye, mutane suka fita kafin laka ta binne gidajensu. An yarda da maganarsa nan take saboda an san shi.

Kada a ɗauka ina cewa a bar wa talakawa nauyin su kaɗai. Mutanen Lunana da na Carhuaz ba su ne suka cika sararin sama da hayaƙin da ke narkar da ƙanƙarar ba, kuma bai dace a ce su za su biya kuɗin tsare kansu ba. Hoton tauraron ɗan'adam da auna zurfin tafki aikin gwamnati ne da masana. Abin da nake nema shi ne duk kuɗin da aka ware don sayen na'ura, a ware na albashin mai kula da ita na shekara goma, kuma mai kulawar ya zama ɗan ƙauyen da jama'a suka zaɓa.

Akwai ma dalilin da ya sa idon 'yan gari ba zai taɓa zama na banza ba. A 2020 masana sun fitar da jerin tafkuna 47 masu haɗari a kogunan da ke ratsa Nefal. A Agustan 2024 ambaliya ta afka wa ƙauyen Thame, a yankin Eberest, ta lalata gidaje da makaranta da asibiti. Ƙananan tafkunan da suka fashe ba sa cikin wancan jeri. Ba a rasa rai ba, galibi saboda da rana tsaka abin ya faru, mutane suka ji ƙara suka ga ruwa suka gudu.