Daga Yarinta Zuwa Cikar Namiji: Jawabi a Bikin Cikar Sarauta Shekara 100

  

Sarautar da ta cika shekara 100 ta ga jikoki sun zama kakanni har sau uku ko huɗu. Ba ganuwa ce ta riƙe ta ba, mutane ne, domin duk lokacin da wani dattijo ya kwanta dama, akan sami wanda aka riga aka shirya ya zauna gurbinsa. Saboda haka ya dace a ranar murna irin wannan a dubi tambayar da gobe ta rataya a kanta: yaushe ne yaro yake zama cikakken namiji?

Bahaushe bai yanke wa wannan al'amari rana guda ba. Matakai ya jera. Na farko shi ne kaciya, wadda a da akan yi wa yara tsara ɗaya suna wajen shekara 7 zuwa 9, cikin hunturu, lokacin da rumbuna suka cika kuma rauni ya fi saurin warkewa. Wanzami ya yi aikinsa, a ajiye yaran wuri ɗaya ana jinyarsu da kunu da naman kaji, ana lura da wanda ya daure da wanda ya yi raki. Ran fita akan yi musu aski da sabuwar riga. Daga nan yaro ya soma barin ɗakin uwarsa, ya koma kwana a zaure da tsaransa, sannu a hankali kuma cikin gidan mutane ya haramta gare shi sai da sallama da izini.

Mataki na biyu na hannun malamai ne. Addini ya yi umurni a sa yaro salla yana shekara 7, a matsa masa yana shekara 10. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a wannan ƙasa, ana gane balaga da alamomin jiki kamar mafarki, in ba su bayyana ba sai cikar shekara 18. Daga ranar alƙalami ya hau kansa, ladarsa tasa, zunubinsa nasa. Amma shari'a ba ta tsaya nan ba. Aya ta 6 cikin Suratun Nisa'i ta hana a miƙa wa maraya dukiyarsa don kawai ya balaga, sai an jarraba shi an ga shiriya da iya riƙo. Ke nan balaga dabam, hankali dabam. Ta farko jiki ke kawo ta, na biyu kuwa tarbiyya ce da gwaji.

Mataki na uku a gona yake. Saurayi yana noma gandun ubansa tare da ƴan'uwansa, uban kuwa shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke yi masa auren fari. In aka ga ƙarfinsa ya kawo, sai a yanka masa ɗan fili nasa, wanda mutanen ƙasar Maraɗi ke kira gamana, wasu wurare gayauna. Abin da ya noma a ciki nasa ne. Hikimar a fili take: kafin a danƙa wa mutum rumbun gida, ana fara gwada shi da dami goma. Ɗan maƙeri ma haka, sai ya daɗe yana zuga kafin a ba shi masaba, ɗan fatake kuma sai ya yi dakon kaya kafin a ba shi jari. Ƙarshen wannan hanya ga manomi shi ne bikin dubu, inda wanda ya tara dami 1000 yake rarraba su ga jama'a, ya sami sunan Sarkin Noma. Ba tarawar ce ta ba shi girman ba, kyautar ce.

Akwai kuma fage, inda jama'a ke auna zuciya. Bayan girbi samari na fita kokawa gari gari, mahauta na dambe, Fulani na sharo, inda saurayi ke karɓar bulala fuska ba ta motsa ba. Abzinawa kuwa sukan naɗa wa saurayi rawani ya rufe baki, alamar ya shiga sahun masu kame kai. Da aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya yi nasara, sunansa kuma ya shiga kowane gida. Sai dai dattawa sun san fage ƙarfi yake nunawa, ba ya nuna riƙon gida. An ce namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa, taunar kuwa ba ta rana ɗaya ba ce.

Samartaka ma tana da sarautarta. A da kowane gari na da Sarkin Samari da muƙarrabansa, su ke kiran gayya, su ke gyaran rijiya da makabarta, su ke karɓar baƙi ran wasa. A nan ɗan talaka da ɗan sarki suke koyon bin na gaba da jagorancin na baya. Bayan 1974 gwamnatin Janar Seyni Kunce ta ɗauki wannan tsari na Samariya ta shimfiɗa shi a ƙasa baki ɗaya, aka gina azuzuwan lakwal da hannun samari, aka kuma yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram a 1976.

Mataki na ƙarshe shi ne aure da riƙon iyali. Wanda bai taɓa aure ba, ko gemunsa ya kai ƙirji, tuzuru ne, maganarsa ba ta da nauyi a zaure. Ran da aka sa shi lalle ya canza sahu, ran da aka raɗa wa ɗansa suna ya ƙara, ran da ya ware tukunyarsa aka kira shi maigida.

To, wannan tsani ya girgiza. Mulkin Faransa ya zo da nasa ma'auni, na rajistar haraji da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Kuɗin gujiya ya sa kowa na son nasa aljihu, gandu ya soma tsagewa. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun tura dubban samari cin rani Najeriya da Abijan da Libiya. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan 17 a Nijar, wajen rabinsu ba su kai shekara 15 ba, gona kuwa ba ta haihuwa. Uban da ya gaji kadada kaɗan, ƴaƴa maza shida, ina zai yanko gamana? Doka ta ce wanda ya kai 18 ya fita yarinta, amma ga mai shekara 30 a fada yana dafa shayi, ba fili, ba jari, ba halin lefe, ana ce masa yaro. Wanda aka hana ƙofar girma yakan nemi katanga. Wani ya same ta a ƙwaya, wani a gungun ƴan daba, wani a hannun ƴan bindigar da suka addabi ƙauyukan kan iyaka, masu gaya masa cewa bindiga ce mazantaka.

Laifin bai tsaya kan samari kaɗai ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mai tanƙwarawa kuwa babba ne. Sarauta na da abin yi a nan, kuma bai fi ƙarfinta ba. Ta raya muƙamin Sarkin Samari, a ba shi wurin zama a fada ta gaskiya, a ji ta bakinsa kafin a yanke abin da ya shafi tsaransa. Ta tsaya kan rabon gado da aron gonaki don kada saurayi mai son noma ya rasa inda zai sa hauya. Ta haɗa kai da malamai a rage tsadar aure, a fara da gidajen manya, domin talaka gidan sarki yake kallo. Sarakunan sana'a, na maƙera da na magina da na pawa, su buɗe ƙofa ga almajiran aiki, har da waɗanda ba ƴan gado ba. Iyaye kuma su bar ɗan lakwal da ɗan makarantar allo su kai ƙarshen karatunsu.

Amsar tambayar ita ce: yaro na zama namiji ran da aka ɗora masa kaya ya ɗauka, aka ba shi amana ya mayar, ya yi fushi ya haɗiye, wani kuma ya ci abinci daga guminsa. Wannan rana ba ta zuwa sai manya sun yarda sun saki kayan.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da adalci, ya jiƙan magabatan da suka riƙe wannan gida, ya shirya samarin ƙasa, ya ba da damina mai albarka da zaman lafiya. Amin.