Matan Karkararmu da Mujallun Ilmi: Jawabi ga Masu Niyyar Aika Rubutu



An nemi mu yi magana a kan yadda ɗalibi ko ma'aikacin jin daɗin jama'a zai aika da rubutunsa ga mujallar ilmi irin ta masu fafutukar haƙƙin mata. Mu da muka fito daga kudancin Jihar Kano, watau Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, muna da dalilin da ya sa maganar ta shafe mu ƙwarai.

Dalilin kuwa shi ne, an daɗe ana rubutu a kan matan Hausa, amma galibi baƙi ne ke riƙe da alƙalamin. Mary Smith ce ta ɗauki tarihin Baba ta Karo daga bakinta, littafin ya fito a 1954. Enid Schildkrout ta yi nazarin matan kulle da tallar yara a birnin Kano cikin shekarun 1970, Barbara Callaway kuma ta fitar da littafinta kan matan Hausa Musulmi a 1987. Ba mu raina aikinsu ba, lalle mun ƙaru da shi. Sai dai da wuya mai karatu ya ci karo da labarin macen da ke wankin kuza a Riruwai, ko mai sayar da itace a gefen dajin Falgore, ko mai turara shinkafa a Tudun Wada. Waɗannan kuwa iyayenmu ne da yayyenmu.

Wuraren aikawa suna nan. Akwai mujallar Affilia ta Amurka, wadda ta soma fitowa a 1986, ta keɓanta ga mata da aikin jin daɗin jama'a. Akwai Feminist Africa, da aka soma bugawa a 2002 a Jami'ar Cape Town, ƙarƙashin jagorancin Amina Mama, wadda ta tashi a Kaduna. Wanda ke ganin wannan harka baƙuwa ce, to, ya tuna cewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya aka kafa ƙungiyar Women in Nigeria bayan taron 1982, kuma har maza ta karɓa cikin membobinta.

Ƙa'idojin aikawa ba su da wuyar ganewa. A karanta sharuɗɗan mujallar tukuna, a bi tsawon da ta ƙayyade da tsarin ambaton madogara. Ba a aika rubutu ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda. Ana cire sunan marubuci daga jikin takardar, domin edita zai miƙa ta ga masana su tantance ba tare da sanin mai ita ba. Amsa takan ɗauki watanni, kuma ko rubutu ya yi kyau, akan ce a gyara a sake turowa. Wannan ba kora ba ce.

Inda muke so mu tsaya shi ne batun rufin asiri. Mujallun nan sukan nemi shaidar cewa kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da aikin, kuma an sakaya sunayen waɗanda aka zanta da su. Da yawa daga cikinmu na zaton da zarar an mayar da Hajara ta zama Talatu, shi ke nan. A birni watakila. A ƙauyen Doguwa kuwa, idan marubuci ya ce bazawara ce, 'yar mai unguwa, aurenta uku, tana tuyar ƙosai kusa da makarantar firamare, ai ya gama faɗin sunanta. Kada kuma a ce Turanci zai ɓoye ta. Yau mujallun suna kan intanet, ƙanen tsohon mijinta yana jami'a, da waya a aljihunsa. Marubuci ya sami takarda a mujallar waje, ita kuwa ta sami gori a bakin rijiya, ko ma a raba ta da 'ya'yanta. Saboda haka a sauya sana'ar, a ɓoye ƙauyen, a bar duk wani bayanin da hujjar rubutun ba ta dogara a kansa ba.

Haka nan yarda. Dangwala yatsa a takardar Turanci, alhali miji ko dagaci na zaune a gefe, ba yarda ba ce, kara ce. A yi mata bayani da Hausa, cikin ɗaki, ta bakin mace 'yar'uwarta in da hali, a kuma sanar da ita tana da ikon janyewa.

Har ila yau akwai fassara. Kalmomi irin su kunya da haƙuri da kara, in aka juya su Turanci da gaggawa, sai matanmu su fito tamkar marasa bakin magana, alhali mun san macen da ke cikin kulle na iya riƙe da adashin unguwa guda. A bar kalmar da Hausarta, a yi mata sharhi. Masu tantancewa za su yi tambaya a kai, sai mu amsa musu da hujja.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce, kafin kowane ɗayanmu ya aika da takarda, ya koma gida lokacin hutu, ya karanta wa matan da ya zanta da su abin da ya rubuta a kansu, da Hausa. Abin da suka ce a cire, a cire shi kafin takardar ta kai hannun edita.