Zaman Lafiyar Makarantar Gwamnati

Jama'a masu saurare a Magariya da Dungas, daga Bande da Wacha har Dogo-Dogo.

Me ke sa makarantar gwamnati ta zauna lafiya?

Na farko, amana. Idan malamin kwantaragi ya samu albashinsa a kan kari, mutanen gari kuma suka ba shi masauki, suka girmama shi bisa haƙƙin ilimi, to zuciyarsa za ta natsu, natsuwar malami kuwa ita ce asalin natsuwar ɗalibi.

Na biyu, aminci. Ajin zana, wanda ba a kafa shi sai an kawar da gero daga gona, yara na zaune a ƙasa da allo bisa cinya, ba ya tare iska, ba ya tare wuta. Gobarar azuzuwan zana ta Maraɗi a 2021 ta ishe mu wa'azi.

Na uku, shawara. Duk inda maigari da darakta da iyaye mata suka zauna a kwamitin makaranta, aka karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a, zato da gaba ba su samun wurin zama.

Iyaye, ku halarci taron kwamiti. Allah Ya sa mu dace. Wassalam.