Lemun Tsakar Gida da Maganin Feshi

Duk wanda ya dasa lemun tsami a tsakar gida zai yi baƙi: ƙudan zuma a kan farin fure, ƙadangare a gindi, tsuntsaye a reshe. Ina ganin kuskure ne a tarbe su da maganin feshi, domin maganin ba ya tantance mai ɓarna da mai amfani. Zuman da ke kai ƙurar fure daga wannan fure zuwa wancan yana taimaka wa bishiyar ta yi 'ya'ya, ƙadangare da tsuntsu kuwa ƙwarin da ake kuka da su suke ci.

Wani zai ce ai tsutsa tana cinye ganye. Gaskiya ne, dashen da bai kai gwiwa ba tana iya yi masa tsirara cikin 'yan kwanaki. Amma a duba ta da kyau. Tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take a kan ganye, daga baya ta koma koriya, ƙarshenta ta zama malam-buɗe-littafi. A ƙaramin dashe, tsince ta da hannu da safe ya wadatar. Babbar bishiya kuwa ganye kaɗan take rasawa, ta sake toho. Kuma kafin a yi feshi a tuna, a ƙarƙashin bishiyar nan yara suke wasa, kaji suke kiwo.