Asirin Sana'a da Asirin Kisa: Nazari a kan The Blackthorn Key



Littafin da za a duba shi ne The Blackthorn Key, wanda Kevin Sands, mutumin Kanada, ya wallafa cikin shekarar 2015 domin yara masu tasowa. Labarin ya auku ne a birnin Landan cikin 1665. Wani maraya mai suna Christopher Rowe yana koyon haɗa magunguna wurin ubangidansa, Benedict Blackthorn, a lokacin da ake bin masu wannan sana'a ana kashewa ɗaya bayan ɗaya. Da ajali ya iso kan ubangidan, abin da ya bar wa yaron shi ne 'yan layuka a littafin lissafin shago, cikin rubutun asiri, watau irin zaurancen da ake yi da alƙalami.

Mai karatu zai iya zaton marubucin ya ƙago wannan ɓoye-ɓoye ne domin labari ya yi armashi. Alhali kuwa haka sana'ar take a wancan zamani. Cikin 1617 Sarki James na Ɗaya ya ba masu haɗa magunguna na Landan izinin kafa ƙungiyarsu, aka raba su da masu sayar da kayan ƙamshi. Ita ke da ikon cewa wane ya ƙware, wane bai ƙware ba. Dokar Ingila ta 1563 kuwa ta ɗora wa ɗan koyo aƙalla shekara 7 a hannun ubangida, ci da kwana duk a gidansa. Saboda haka mutuwar ubangida ba rashin malami kaɗai ba ce. Yaro kan rasa makwanci, ya rasa abinci, wahalar da ya sha ta shekaru kuma tana iya tashi a banza. Wannan tsoro ne ke kora Christopher, kuma ya fi tsoron masu kisan kama zuciya.

Har ila yau, ilmin kansa a kulle yake. Kundin magunguna da Kwalejin Likitoci ta Landan ta fitar cikin 1618 da harshen Latin aka rubuta shi, harshen da talaka bai sani ba. Sa'ad da Nicholas Culpeper, wanda shi ma ya taɓa zama yaron shagon magani, ya juya kundin zuwa Ingilishi cikin 1649, likitoci suka fusata ƙwarai, domin ya buɗe wa kowa abin da suke ci da shi. To, yaron da ya girma cikin irin wannan duniya, aikinsa kullum shi ne karanta abin da aka ɓoye: alamar da ke jikin tulu, awon da ke raba magani da dafi. Shi ya sa binciken ya dace da shi fiye da dogaran sarki. Ko albarushin da ya haɗa a farkon labari, shi da abokinsa Tom, ɗan mai gasa burodi, sai da ya warware asirin rubutun ubangidansa kafin ya sami tsarinsa.

Lalle littafin yana da rauni. Yaran sukan yi barkwanci irin na 'yan zamanin nan, abin da kan dishe wa mai karatu hoton ƙarni na 17. Annobar da ta faɗa wa Landan a wannan shekara, wadda takardun ƙidayar birnin suka ce ta kashe mutum fiye da 68,000, ita ma ba ta sami fili ba a nan. Sai a littafi na biyu, Mark of the Plague, na 2016, marubucin ya fuskance ta.