Injiniyoyi Suna Suka Tara



A bakinmu duk wanda ya taɓa inji injiniya ne, har mai gyaran janareta. To, injiniyoyi suna suka tara. Akwai na gine-gine, masu hanya da gada da madatsar ruwa irin ta Bakolori. Akwai na lantarki, akwai na injuna. Waɗannan kun san su. Yau ina so mu tsaya kan wasu biyu.

Kun tuna 2010, lokacin da gubar dalma ta auka wa Yargalma a Bukkuyum, da Dareta da Abare a Anka? Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida, ana dakawa, wani lokaci a turmin da ake dakan hatsi. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Sama da yara 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu.

Likitocin MSF sun zo da magani, amma ina amfanin magani in yaro zai koma kan ƙasar da ta sa masa ciwon? Nan aikin injiniyan muhalli ya fito. Su suka auna ƙasar gida-gida da na'ura, aka kankare ta sama, aka binne ta bayan gari, aka zuba sabuwa. Kuma ku ji, cikin waɗanda suka zo daga Amurka har da mata. Gidan kulle kuwa, wa zai shiga har ƙuryar ɗaki ya yi magana da matar gida in ba mace ba?

Shi kuma injiniyan ma'adinai, nasa tun daga bakin rami ne: yadda za a haƙa kada ya rufta, yadda za a niƙa dutse da ruwa kada ƙura ta tashi.

Karatun fa ba wasa ba ne. Shekara biyar ne a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello da ke Zariya ko Bayero ta Kano. Shekarun farko kusan tare ake yi, lissafi kan lissafi, sannan kowa ya kama fanninsa. A shekara ta huɗu ana tura ɗalibi wata shida ya koyi aiki da hannunsa.

Amma ƙofar tun babbar sakandare ake shigarta. Sai yarinya ta zaɓi ajin kimiyya, ta ci Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Turanci, kafin a zo batun JAMB. Don haka uwargida, in 'yarki ta kusa gama aji uku, ki tambaye ta ajin da za ta shiga, ki kuma yi wa maigida maganar tun kafin a koma hutu.