Garkuwar Jikin Falke a Kan Hanya

Jawabin da baƙon likita ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

Mai girma shugaban ƙungiya, dattawanmu, Alhazai da Hajiyoyi, direbobi da yaran mota, ina taya ku murnar zagayowar wannan rana. Allah ya ƙara haɗa kanku, ya sa albarka a cikin nema. Magatakarda ya ce in yi magana a kan garkuwar jiki, ya kuma ja mini kunne cewa abinci na jira, don haka ba zan tsawaita ba.

Ku mutanen iyaka ne, kun fi kowa saurin gane wannan batu. Fata da majinar hanci da ruwan ciki su ne shingen farko da cuta ke tararwa. In ta tsallake, sai ta haɗu da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake ƙerawa a cikin ɓargo. Su ne ke sintiri dare da rana, suna bincikar duk baƙon da ya shigo, suna kuma riƙe kamannin wanda suka taɓa kamawa. Na goro ne kawai ba sa karɓa. Abin da suke nema a wurinku barci ne da abinci da tsabta da rigakafi.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, "Likita, wane magani zan sha ya ƙara mini garkuwa?" Ga mutumin da ke cin abinci yana yawonsa, babu irin wannan magani. Wanda ke karya garkuwa ne ya cika tashoshinmu. A cikin haɗin da masu tallar magani ke ƙulla wa mai ciwon gaɓoɓi ko ciwon baya, sau da yawa akwai wata 'yar ƙwaya mai suna dexamethasone. Ita ce kuma wasu 'yan'uwanmu mata ke sha don su yi ƙiba. Tana kwantar da ciwo nan take, shi ya sa ake yabon mai haɗin. To amma aikinta a jiki shi ne danne waɗannan fararen ƙwayoyin. Wanda ya daɗe yana shanta fuskarsa za ta kumbura, sukarinsa da jininsa su hau, ƙaramin ƙurji ya zama gyambo, tarin fuka da ke kwance ya farka. In akwai mai shanta kullum a cikinku, kada ya yanke ta rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ya je a rage masa a hankali. Haka kafso da ake haɗiya don mura: ba ya taɓa ƙwayar cutar mura ko kaɗan, sai dai ya kashe ƙwayoyi masu amfani da ke cikin hanji.

Bari in zo kan barci, domin a nan ne fatake suka fi cin bashin jikinsu. A shekarar 2015 an fitar da wani bincike a Amurka. An ɗauki mutum 164 masu lafiya, aka auna barcinsu na mako guda, sannan aka ɗiga musu ƙwayar mura a hanci. Waɗanda ke barcin ƙasa da awa shida sun ninka masu wuce awa bakwai kamuwa har sau huɗu. Yanzu ku lissafa naku. Mutum ya yi lodi a Dawanau da yamma, ya kwana a hanya, gari ya waye masa a Jibiya, ya wuni yana fama da takardu, ya shiga Maraɗi da dare ya zauna lissafi. Kwana biyu ke nan bai haɗa barcin awa biyar ba, goro da shayi ne ke riƙe da shi. Wani ma ya ƙara da tiramol. Waɗannan ba sa biyan bashin barci, ɓoye shi suke yi. Na san ba ku ke tsara lokacin buɗe iyaka ba. Amma ranar da mota ta tsaya jira, a bar hirar dare a kwanta. Iyayen gida kuma, direban da ya iso daga Kwatano ko Lome kada a juya shi a daren. A sa gidan sauro cikin kayan tafiya kamar yadda ake sa dadduma da buta, domin zazzaɓin cizon sauro yana cinye jini, jikin da ba jini kuwa kowace cuta tana samun sa a arha.

Abinci kuma, abin mamaki, mai safarar wake da riɗi da gyaɗa shi ne ke wuni a kan burodi da shayi. Jiki da abinci mai gina jiki yake ƙera sojojinsa: wake, ƙwai, kifi, nama, nono, ƙuli-ƙuli. Ganye da 'ya'yan itace su ke ba su kayan aiki, kuma duk muna da su: kwaɗon zogale, rama, yakuwa, miyar kuka, gwaiba, lemo, mangwaro a lokacinsa. Ɗanwake ko fura da nono mai tsabta sun fi taliyar leda da lemon kwalba nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a rana kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, alhali gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da tara ko goma. Ku ƙara da wanda mai shayi ke zubawa. Mai ciwon sukari garkuwarsa a raunane take, shi ya sa ciwon ƙafarsa ba ya warkewa. Wani abin lura, shayi mai kauri a kan abinci yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini. A ba shi tazarar awa guda.

Akwai wata magana da ta shafe ku fiye da sauran jama'a. Gyaɗa da masara in aka zuba su a buhu ba su gama bushewa ba, ko aka jibge su a ƙasa mai danshi, suna yin fumfuna. Wannan fumfuna tana fitar da guba da ake kira afalatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ma haka. Tana raunana garkuwa, tana tsumburar da yara, tana kuma jawo dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasashenmu. Mun san yadda ake yi: a tsince mai kyau a kai kasuwa, ragowar a kai gida ko a sayar wa masu ƙuli da arha. Ashe gubar 'ya'yanmu take komawa. A shanya kaya su bushe sosai, a ɗora buhuna a kan katako, a bar tazara da bango, wanda ya yi fumfuna a zubar. Wake kuma, maganin ƙwarin da ake yayyafa masa shi ya sa Tarayyar Turai ta rufe wa waken Najeriya ƙofa a 2015. Buhun nan mai ruɓi uku da ba ya shan iska yana kashe ƙwari ba tare da an zuba komai ba. Yaron shagon da ke kwana cikin sito da warin magani, huhunsa ne ke biya.

Wanke hannu ba sai na daɗe a kansa ba. Kuɗi kuke juyawa wuni guda, naira da sefa. Kwano ɗaya da mutum goma suka tsoma hannu a ciki ba wanki ba ne. A zuba da buta, a sa sabulu.

Sai rigakafi, wanda shi ne nuna wa sojojin jiki hoton ɓarawo tun bai zo ba. Daga Damagaram zuwa Kano, daga Ƙonni zuwa Sakkwato, duk muna cikin yankin sanƙarau. Ƙurar hunturu da busasshiyar iska suna fasa fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta samu ƙofa, cunkoson ɗakin kwana a tasha ya yaɗa ta. Dattawa sun tuna annobar 1996. Nijar ta sha tata a 2015, Zamfara da maƙwabtanta a 2017. Allurar da aka fara a 2010 ta kusa kawar da nau'in A, amma akwai sauran nau'o'i, shi ya sa a 2024 Najeriya ta fara amfani da sabuwa mai kare nau'i biyar. In an zo yi a garinku, ku kai 'ya'yanku da yaran shagonku. A lokacin ƙura a ja rawani ko mayafi a rufe hanci, a yawaita shan ruwa. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya ba a kwana da su a gida.

Katin shawara ma ina da magana a kansa. Na san akwai masu sayen katin ba tare da an yi musu allurar ba. Katin zai wuce da kai shinge, amma sauron da ke ɗauke da cutar ba ya duba takarda. Allurar sau ɗaya ce, kuma tun 2016 aka amince tana aiki har ƙarshen rayuwa. Wanda kuma ya yi tari ya wuce mako biyu, yana zufar dare yana ramewa, ya je a gwada majinarsa. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati na ƙasashen biyu.

Ranka ya daɗe shugaba, ina da roƙo. Ƙungiya tana da asusun taimakon wanda kayansa suka salwanta. A ware wani abu daga ciki, a sa rana ɗaya a shekara kafin shigowar sanyi, a kira ma'aikatan lafiya su auna wa kowa jini da sukari, a gwada ciwon hanta, a yi wa wanda bai kamu ba allurarsa. Kada a manta da direbobi da 'yan dako, su ne suka fi buƙata kuma su ne ba za su je da kansu ba. Wanda yake da wani haɗin magani a aljihunsa yanzu, ina nan bayan an ci abinci, ya kawo in duba masa.